Tambaya da Amsa: Zuwa kallon wasan mota

Tambaya: Salamu alaikum Malam. A garinmu kusa da Ringim samari na taruwa da motocinsu ranar Lahadi da yamma a filin bayan gari, ana wasan mota ana ɗaukar bidiyo. Ina so in je kallo da ƙanina ɗan shekara 9, yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙanin nan dai ka bar shi a gida, ko Hajiya ka tambaya haka za ta ce maka.

Kai kuma idan ka je kada ka shiga sahun gaba. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, ga filin nan yashi ne da tsakuwa, birki ba ya kamawa kamar a kan kwalta, kuma idan direba ya juya motar, bayanta ne ke watsowa waje, daidai inda masu waya suke cunkushewa suna ihu. Ka tsaya nesa bayan bishiya ko katanga, taya na iya fashewa ko tsakuwa ta faso ido. Ƙura ta turnuƙe? Direban ba ya ganinka wallahi.

Motar mutane kuma kada ka jingina ko ka buɗe bonet, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, musamman lambar mota. Murfin lagireto mai zafi kada ka kusance shi. Kada a tattake gonar mutane, kuma da an kira magariba a watse. Ka ajiye lambar 'yan Road Safety a wayarka, 122.