Bagobiri da ɗan Jama'a a kan allo

Ka ce in gaya maka yadda mai wasa zai bambance Bagobiri da ɗan Jama'ar Shehu Usmanu a kan allon wasan yaƙin Tabkin Kwatto, wai ko fenti za ka sauya musu. Ku yaran yanzu komai sai ku ruga wa gwangwanin fenti. Mai wasa daga sama yake hango 'ya'yan wasan nan da muke zubawa da dalma, kowanne bai kai tsawon yatsa ba, don haka siffa ce za ta gaya masa ko wane ne. A 1804 Sarkin Gobir Yunfa ya fito da barade cikin lifidi da sulke, ga Buzaye a bayansa. Mutanen Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu ƙalilan. To ka cika wa dokin Gobir jiki, lifidin ya sauko masa har gwiwa. Ɗan baka ka bar shi siriri, kwarinsa ya leƙo ta saman kafaɗa. Shehu kuma ba ma zuba siffarsa a rumfar nan, tuta ce ke tsayawa a madadinsa. Narka dalma da gyaran kaki ba zan ɓata bakina a kai ba, ka sani ko ka koma gida.

Wannan dokin mai lifidi shi aka cuce ni a kansa. Wani ɗan boko ya zo mini da babbar riga da daɗin baki, wai yana haɗa wasan tarihi don makarantu. Ya ajiye ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a matsayin kafin alƙalami. Na zauna na fitar da samfuri da kakin zuma, har ɗinkin lifidin na zana da bakin allura, layi bayan layi, idona na hawaye. Na zuba, na goge. Sai ya ce bari ya kai wa abokan hulɗarsa su gani, jibi zai dawo da ciko. Har yau jibin nan ba ta yi ba. Wayarsa kullum a kashe.

Ana nan sai ga wani yaro ya shigo da dokina a hannu, na roba, an saya masa. Ashe mutumin kaiwa ya yi aka kwafe a inji. Har ɗan karcen da na bari a ƙarƙashin gindin yana nan, shaidata ke nan. Ga shi ba nauyi, ko tari ka yi kusa da allo sai rundunar Gobir ta zube, mashin kuma ya lanƙwashe kamar taliya. Abin da ya fi ci mini rai, masu saye suna ta yaba gwanintar injin.

Samfuri ba ya barin rumfar nan sai kuɗi ya cika, ko ina nan ko ba na nan. Kawo wancan da ka zuba jiya. Mashin ya yi siriri, hannu biyu zai wuce ya karye, gindin kuma ƙara masa dalma.