Tambaya da Amsa: Ɗana yana rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana makarantar firamare a nan Garwa, inda ake koyar da su da Faransanci. Idan ya rubuta Hausa sai in ga "chinkafa", "koudi" da "tchiniki", kuma ya san mita da kilo amma bai san kamu ba. Ta ina zan fara gyara masa? Daga wata uwa a Garwa, Kamaru.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Yaron naki bai cancanci faɗa ba, domin ƙa'idar da aka koya masa a aji ce ya ɗora wa harshen gida. Ki fara nuna masa musaya guda huɗu: inda Faransanci ke sa "ou" Hausa tana sa u, "ch" ya koma sh, "tch" ya koma c, "dj" kuma ya koma j. Da wannan kaɗai zai rubuta shinkafa da ciniki daidai.

Haruffa masu lanƙwasa su suka fi bukatar haƙuri, wato ɓ, ɗ da ƙ, saboda su ke raba kafa da ƙafa, dari da ɗari. Tun taron daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma da aka yi a Bamako a 1966 Hausa da Fulatanci suke tarayya a ɓ da ɗ, don haka duk wani littafin Fulatanci na boko da ke gidanku zai taimaka, sai dai ƙ babu shi a Fulatanci, dole a koya masa shi daban.

A nahawu kuwa, ki sa ido kan jinsi, wanda yake yawan kuɓucewa a garuruwan da harsuna suka cakuɗa: gidan malam amma motar malam, yaro ya zo amma yarinya ta zo.

Game da awo, kamu daga gwiwar hannu ne zuwa kan yatsa, gaba kuma buɗin hannuwa biyu, kuma duka suna bambanta gwargwadon jikin mai awo, kamar yadda mudu yake bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Ki ba shi turmin atamfa mai yadi 6 ya auna da kamunsa, sannan ya sake aunawa da tef ɗin tela: zai samu kusan mita biyar da rabi, tunda yadi bai kai mita ba, santimita 91 ne da ɗan ɗori. A littafinsa na makaranta zai rubuta wannan adadi 5,5 da waƙafi, a littattafan Hausa na Najeriya kuwa 5.5 zai gani da ɗigo.