Amsa ga ƙaninmu: me ya sa "almak" ba ta iya ɗaukar duk kayan "take"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Barka da zuwa Turkiyya, Allah ya sa ka shigo a sa'a. Tun da safe na ga tambayarka, na bari ne sai na samu natsuwa, domin abin da ka tambaya ya ci mini tuwo a ƙwarya wata da watanni a shekarata ta koyon harshe. Ka ce ka rubuta jimloli uku a aikin gida: "Her sabah otobüs alıyorum", "Yarın sınav alacağım" da "Fotoğraf alabilir miyim?" Malama ta bi dukkansu da jan biro, alhali ƙamus ne ya gaya maka cewa kalmar Ingilishi take ita ce almak a Turkanci. Da ka koma Tureng, ƙamus ɗin Ingilishi da Turkanci na intanet, don ka tabbatar, sai ka tarar da fassarori jere reras, kana ja suna ƙaruwa, har ka rasa wadda za ka kama.

Ƙamus bai yi maka ƙarya ba. Almak tana cikin ma'anonin take, ita ce ma ta farko. Matsalar daga Ingilishi ce. Bature ya mayar da take jakin gida, kowane kaya ita ake ɗora wa: hawa mota, shan magani, zaman jarrabawa, tuɓe riga, tashin jirgi, kai mara lafiya asibiti. Baturke bai yi haka ba, kowane aiki da kalmar da ya ware masa. Mu kuma da muka yi boko da Ingilishi, sai mu ɗauko tunaninmu da Hausa, mu juye shi a Ingilishi, sannan mu nemi Turkancinsa. A juyin nan na tsakiya ne ma'anar ke zubewa.

Ni a daren da abokin ɗakina ya kwanta rashin lafiya na fahimci haka. A Konya ne, tsakiyar hunturu, zazzaɓi ya rufe shi har haƙoransa na haɗuwa. Na sauka da gudu wurin mai gadin masaukin ɗalibai, na ce masa, "Arkadaşım hasta, onu hastaneye almak istiyorum." Dattijon ya ɗan yi jim yana kallona, sannan ya ce, "Götürmek istiyorsun," ya ɗaga waya ya kira tasi. Muna zaune a barandar sashen gaggawa, ana ƙara wa abokina ruwa, kalmar nan ta götürmek ta riƙa yi mini yawo a kai. Sai na tambayi kaina: da a Kano ne, me zan ce? Ba zan taɓa cewa ina so in ɗauke shi asibiti ba. Cewa zan yi ina so in kai shi. Ashe Hausa tana da kalmar tun tuni, Ingilishi ne ya ɓoye mini ita. Götürmek ita ce kai, getirmek ita ce kawo, bambancin da yaron goye ma ya sani a gidanmu. Almak tana shigowa ne idan ɗaukowa za ka yi: "Seni havalimanından alırım", zan zo in ɗauko ka daga filin jirgi.

Daga ranar na sauya hanya. Duk inda take ta zo mini a baki, sai in tsaya in tambayi kaina yadda zan faɗi abin da Hausa, sannan in nemi Turkancin kalmar Hausar. Ka gwada da jimlarka ta farko. Ba ka ɗaukar bas, hawa kake yi. Hawa kuwa binmek ce: "Her sabah otobüse biniyorum." Abin da ka rubuta, Baturke zai ji shi ne kamar kana sayen bas kowace safiya, saboda almak ita ce kalmar saye ta yau da kullum. "Ekmek aldım", na sayo burodi. Akwai satın almak, amma a bakin bakkal, wato kantin unguwa, ba kasafai ake tsayawa faɗinta duka ba. Sauka kuma inmek ce, za ka ji ta a dolmuş, ƙaramar motar hayarsu, idan wani ya ɗaga murya ya ce "İnecek var!", wato akwai mai sauka. Idan shatar tasi za ka ɗauka, taksi tutmak ake cewa.

Haka sauran suke bi. Jirgi ya tashi: "Uçak kalktı", da kalkmak ɗin nan da kake tashi daga kujera ko daga barci. Cire takalmi ko tuɓe riga çıkarmak ne, kuma za ka ji ta a ƙofar kowane gida da aka gayyace ka. Ɗan da ya biyo ubansa a kama ko a hali, wanda Bature zai ce take after, su "babasına çekmiş" suke cewa. Tafiya ta ci awa biyu: "İki saat sürdü." Ita sürmek ɗin tana da nata rassan, da ita ake tuƙa mota, da ita ake shafa man shanu a burodi, da ita ake huɗar gona, amma wannan hirar wata rana ce.

A jimlarka ta jarrabawa kuwa, Hausa ba za ta riƙe maka hannu ba. Mu muna zana ta ko mu rubuta ta, su shiga suke yi: "Yarın sınava gireceğim." Wanda ya ci ya ce "geçtim", na wuce. Wanda ya faɗi ya ce "kaldım", na zauna, an wuce an bar ni. Darasi kuwa ana ɗaukarsa da almak: ders almak, kuma kamar a Hausa, tana nufin kwas ɗin da ka yi wa rajista, tana kuma nufin izinar da ka ɗauka daga abin da ya same ka.

Bari in daɗe kaɗan a kan magani, don nan ne kuskure ke da tsada. Take medicine tana da ƙofofi uku a Turkanci. İlaç içmek ita ce shan magani sak, domin içmek ita ce sha. İlaç kullanmak ita ce wadda likita zai tambaye ka da ita, "İlaç kullanıyor musunuz?", yana nufin ko akwai maganin da kake kai a halin yanzu. İlaç almak ma daidai ce, sai dai tana da fuska biyu: "İlacı aldım" na iya zama na sha, na iya zama na karɓo daga kemis. Idan ana maganar lafiya ni içtim nake cewa, don kada a yi zaton na sha alhali yana cikin leda. Ka kuma riƙe kalmomi biyu da mai eczane, wato mai kemis, zai rubuta maka a jikin kwali da biro: tok, bayan ka ci abinci, da aç, kafin ka ci komai.

Wannan içmek ɗin ce ta fara sa ni son harshen nan da gaske. Sigara içmek, shan taba. Çorba içmek, shan miya ko romo, inda Bature ke cewa ci. Har rantsuwa sha suke yi: ant içmek, kamar yadda muke cewa gwamna ya sha rantsuwar kama aiki. Çekmek kuma, wadda asalinta ja ce, wadda kake gani a jikin ƙofa an rubuta "Çekiniz", ita ma tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tamu a wurare masu ban mamaki. Tespih çekmek, jan carbi. Dikkat çekmek, jan hankali. Ranar da na ji wani tsoho a harabar masallaci yana faɗa wa yaro "Kul hakkı yeme", kada ka ci haƙƙin bawan Allah, tsigar jikina ta tashi, don haka kakata take faɗa, kalma da kalma. Rüşvet yemek ma cin hanci ne. Galibin waɗannan ba za ka gano su ta hanyar Ingilishi ba. Ta can, carbi da hankali da haƙƙi kowanne hanyarsa daban, sai ka yi ta haddace su kamar baƙi alhali 'yan gida ne.

Amma kada ka ɗauka cewa Hausa ba ta yaudara. Tana yi, kuma a kan ci ne ta fi yi. In kuna kallon ƙwallo ka ji Baturke ya dafe kai ya ce "Gol yedik", kada ka taya shi murna. Kalma da kalma mun ci ƙwallo ke nan, amma nufinsa an ci mu. Wanda ya zura ƙwallo jefawa ya yi, gol atmak. Haka ceza yemek: a wurinmu hukuma ce ke cin mutum tara, a wurinsu wanda aka yanka wa tarar shi ne ya ci. Abin da na lura shi ne, masifar da ta sauka a kanka, wadda mu muke sha, su ci suke yi. Dayak yemek, shan duka. Azar yemek, shan faɗa. Wahala kuwa ba sa cin ta ba sa shan ta, jan ta suke yi: sıkıntı çekmek. Saboda haka Hausa tana nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ne kawai, sai ka ji amsa daga bakin mai gida kafin ka shiga.

Kuma don kada ka yi fushi da Ingilishi ko da Turkanci, ka tuna mu ma haka muke yi wa masu koyon Hausa. Cin abinci, cin kasuwa, cin zaɓe, cin bashi, cin amana, cin mutunci, gobara ta ci gida. Ka buɗe ƙamus ɗin Hausa na Bargery na 1934 a kan ci ko sha, ka ga yadda ya yi ta jero ma'anoni. Da Baturke zai ɗauki yemek ya liƙa wa duk waɗannan, da ya sha jan biro fiye da kai.

To, a ina almak ke aiki? Wurare da dama, kuma ya kamata ka san su don kada tsoro ya sa ka guje ta baki ɗaya. Not almak, ɗaukar bayani a aji. Duş almak, watsa ruwa. Nefes almak, shaƙar numfashi. İzin almak, karɓar izini. Randevu almak, karɓar lokacin ganawa, wadda za ka buƙata a asibiti da ofishin baƙi. Ciddiye almak, ɗaukar abu da muhimmanci. In ka je baƙunta ko gidan abinci za a tambaye ka "Ne alırsınız?", me za a kawo maka. Alwala ma ɗauka suke yi, abdest almak, sallah kuma namaz kılmak, azumi oruç tutmak, riƙe shi ake yi, a buɗe shi da magariba kamar yadda muke buɗa baki. A taƙaice, in abu yana tahowa hannunka ko jikinka, ko ɗauka, ko karɓa, ko saye, almak ba ta cika ba da kunya ba.

Game da ƙamus, ban ce ka yar da Tureng ba, har yau ina buɗe shi. Amma ka daina rubuta kalma tilo a cikinsa. Rubuta take an exam gaba ɗaya, ko take a break, za ka ga mola vermek ta fito, hutun ma bayar da shi suke yi. Bayan ka samu kalmar, ka wuce da ita ƙamus ɗin Türk Dil Kurumu, hukumar harshen da aka kafa a 1932, wanda yake kyauta a intanet. Da farko zai yi maka nauyi don Turkanci ne zalla, amma yana da abin da ya fi komai amfani: a gaban fi'ili yana nuna ɗafin da yake nema, ko -i, ko -e, ko -den. Wannan ne rabin aikin. Da ka rubuta "otobüs biniyorum" ba tare da -e ba, da jan biron bai bar ka ba. Ni ƙaramin littafi na saya, shafi uku-uku: Hausa, Turkanci, sai jimlar da na ji da kunnena a taragon birni ko a kantin makaranta. Ban taɓa rubuta binmek ita kaɗai ba, sai otobüse binmek, otobüsten inmek, sınava girmek, sınavdan kalmak. Ingilishi ban ba shi shafi ba sam, kuma cikin 'yan watanni na ji bakina ya saki.

Saura jimlarka ta uku. Hoto ja ake yi, ba ɗauka ba, nan Hausa da Ingilishi duk sun haɗu sun kai ka daji. Abin da kake nufi shi ne "Fotoğraf çekebilir miyim?", wato ko zan iya ɗaukar hoto a nan. In kana so wani ya ɗauke ka, ka miƙa masa waya ka ce "Fotoğrafımı çeker misiniz?" In kuma shagon mai hoto za ka je, kamar yadda za ka je kwanan nan saboda takardun ikamet, wato izinin zama, sai ka ƙara ɗafin sa wani ya yi maka aiki, çekmek ta koma çektirmek: "Biyometrik fotoğraf çektirmek istiyorum." Ka gyara ukun ka mayar wa malama gobe, in ta sake jan wani layi ka turo mana shi nan mu duba tare.