Bayaraben nan abokin wasanka ne

Ɗana, bayan gaisuwa, ya hidimar ƙasa, ya zaman baƙunta a Ibadan? Saƙonka ya iso ni. Ka ce akwai wani dattijo Bayarabe a wurin aikin da aka tura ka, tun ranar da ya ji kai Bagobiri ne ya hana ka sakat. Kullum sai ya kira ka bawansa a gaban jama'a, ya ce ka ɗauko masa jaka, ya ce Gobirawa ba abin da suka iya sai faɗa, mutane su yi ta dariya. Ranka ya ɓaci har ka daina gaishe shi. Kana so ka sani ko da gaske akwai wannan al'ada, ko addini ya yarda da ita, da kuma amfanin da ke cikin a mayar da mutum abin dariya.

Gobe da safe ka je ka gaishe shi. Mutumin nan bai raina ka ba. Abokin wasanka ne, kuma yadda ya san wannan zumunci alama ce ya zauna da manya. Idan ya sake ce maka bawa, ka ce masa tun yaushe bawa ya fara aiken ubangidansa, ka miƙa masa taka jakar. Za ka ga yadda fuskarsa za ta washe, don abin da yake jira ke nan tun farko.

Ai ba baƙon abu ba ne a wurinka, nisan gari ne ya sa ba ka gane shi ba. Ka tuna kakarka, Allah ya jiƙanta, yadda take kiranka maigidanta, ta ce ka bar ta da yunwa ba cefane, ta juya kan ƙanwarka ta ce ga kishiya ta zo ƙwace mata miji. Ka tuna kai da 'ya'yana. Ni namiji, mahaifiyarka mace, ciki ɗaya muka fito, shi ya sa ku taubasai ne. A gidanmu ɗan mace shi ake tsokana da bauta, shi kuma yake karɓar kuɗin shara idan watan Cika-ciki ya kama. Kun sha ƙwace wa juna hula da takalmi, kun sha gaya wa juna maganar da ko yayanka ba zai gaya maka ba, ba a taɓa kawo mini ƙara ba.

Ka dubi gidan Bahaushe da kyau, za ka ga nauyi ya yi masa yawa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ma sake masa fuska a gaban mutane. Suruki ya hango surukinsa sai ya cire takalmi ya durƙusa, ba zai ci abinci a gabansa ba. Ɗa ba ya haɗa ido da ubansa. Da a ce haka gidan yake ko'ina, da ba mai iya numfashi a cikinsa. To sai magabata suka yi hikima. Duk inda suka ga zama zai iya haifar da saɓani, ɗayan biyu suka ajiye a wurin, ko kunya ko wasa. Amarya ta shigo gidan da ba ta san kowa ba, uwar miji abin jin nauyi, uban miji abin jin nauyi, sai aka ba ta ƙannen miji su zama abokan wasanta, da su za ta fara dariya a gidan. Yaron da ke tsoron ubansa an ba shi kaka, inda zai hau cinya ya ja gemu ya faɗi abin da ke damunsa. Taubasai kuwa su ne suka fi kusa da rigimar gado da ta aure, shi ya sa aka hana su fushi da juna tun suna rarrafe. Ni dai ban ga tsarin da ya fi wannan sanin halin ɗan Adam ba.

Abin da aka yi a gida shi aka shimfiɗa tsakanin garuruwa da ƙabilu. Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, Fulani da Tibi, a Nijar kuma Buzaye da Zabarmawa. Mu Gobirawa rabonmu Yarbawa. Su kansu a tarihinsu na baka suna cewa mu da su tushe ɗaya ne daga gabas, suna kafa hujja da tsagar fuska. Da yawa daga cikin masu wasan nan kakanninsu sun yi yaƙi, ko sun yi takara kan kasuwa da makiyaya. Maimakon jikoki su gaji gaba, sai aka bar musu tsokana. Kowa ya ce shi ne ubangida, a yi dariya a watse, ba wanda ya zub da jini.

Kuma wasan yana da haƙƙi a bayansa, wannan ne yaran yanzu ba su sani ba. Wanda ya kira ka bawansa ya ɗauki nauyinka ke nan. Idan ka kwanta ciwo a garin nan, ko wata matsala ta same ka, dattijon da kake gudu yana cikin waɗanda za su fara tsaya maka, don abin kunya ne a ce abokin wasa ya wulaƙanta a gabansa. Idan mutum ya yi taurin kai, ya ƙi jin maganar kowa, abokin wasansa ake nemowa. Shi ne zai shigo ya zazzage masa gaskiya cikin raha, shi kuwa ba damar fushi. Na ga auren da ya kusa mutuwa, malamai sun yi nasiha, iyaye sun yi faɗa, ba a dace ba, sai da taubashiyar mijin ta zo ta kwaikwayi yadda yake kumbura fuska, har shi da matar suka fashe da dariya, sannan aka samu bakin zaren. Mutanen Nijar sun riƙe abin nan da daraja fiye da mu. A shekarar 2014 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya wasan dangantaka na Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada, kuma watan farko na shekarar Musulunci shi suka keɓe masa musamman.

Batun amfani ga jiki kuwa, likitoci sun yi bayani. Idan mutum ya yi dariya ta gaske yana shaƙar iska sosai, bugun zuciya ya ɗan tashi sannan ya sauka, tsokar jiki ta saki. Sinadarin damuwa da ake kira kotizol yana raguwa, ƙwaƙwalwa kuma ta saki wani mai suna endofin da ke rage jin zafi. Ba cewa na yi mai hawan jini ya ajiye maganinsa ba, amma zuciyar da ke samun raha ba ɗaya take da wadda ke ƙunshe ba dare da rana. Abin da ya fi jan hankalina shi ne binciken wani masani ɗan Amurka, Robert Provine, wanda ya gano mutum ya fi yin dariya kusan sau 30 idan yana cikin mutane a kan idan yana shi kaɗai. Wato maganin ba ya samuwa sai da jama'a. A Indiya har wani likita, Madan Kataria, ya kafa ƙungiyar dariya a birnin Mumbai a 1995, mutane su taru da safe don su yi dariya kawai. Mu kuwa an haife mu an riga an raba wa kowa abokan dariyarsa. Kai da kake zaune a ɗaki ɗaya nesa da gida, ba uwa ba ƙane, ka fi kowa bukatar wannan dattijo.

Addini bai hana raha ba. A Suratun Najmi Allah ya ce shi ne ya sa dariya, ya sa kuka. Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya ce murmushinka ga ɗan'uwanka sadaka ne, kuma yana wasa da sahabbansa, sai dai ba ya faɗin komai sai gaskiya. Ka san labarin tsohuwar da ya ce wa tsofaffi ba sa shiga aljanna, da ta damu ya bayyana mata cewa da ƙuruciyarta za ta shiga. Amma an gindaya iyaka. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, hadisi ya yi gargaɗi ga mai shirya ƙarya don a yi dariya, wani hadisin kuma ya ce yawan dariya yana kashe zuciya. Akwai malaman da ba sa son kalmar bawa ko da wasa, kuma ina girmama ra'ayinsu. Abin da na fahimta shi ne, izgili ana yin sa ne don a ƙasƙantar da mutum, ɗaya na dariya ɗaya na ƙuna. Wasan dangantaka kuwa kowa ya san ba haka abin yake ba, kuma kowa yana da damar ramawa.

Al'adar ma da kanta tana da ƙa'ida. Ba a zagin iyaye, ba a taɓa addinin mutum, ba a yi masa gori da nakasa ko talauci ko rashin haihuwa, ba a tona asirin da ya ba ka amana. Idan ka ga abokin wasanka yana cikin baƙin ciki na gaske, sai ka ajiye tsokana ka zauna kusa da shi. Shi ya sa raina ke ɓaci da abin da nake gani a waya, yara su tsorata tsoho ko su kunyata mai taɓin hankali, su ɗauka su watsa a TikTok wai barkwanci. Wanda aka yi wa bai yarda ba, bai kuma da hanyar ramawa, wannan zalunci ne. 'Yan kama da masu tashen azumi sun ba mu dariya har hawaye, ba su taɓa bukatar wulaƙanta marar ƙarfi ba. Idan dattijon nan ya taɓa ƙetare ɗaya daga cikin iyakokin nan, ka same shi shi kaɗai ka gaya masa cikin ladabi. Amma daga abin da ka rubuto ban ga ya ƙetare ba.

Sai ka riƙa tunawa ya girme ka, ramuwarka ta tsaya kan ƙabila da abinci da wane ne ubangida, kada ta kai ga furfurarsa. Ka saya masa goro ka ce sadakar ubangida ce ga bawansa. Taubasanka suna gaishe ka, sun ce kuɗin shararka na bana yana nan, sai ka zo da kanka ka yi sharar. Ka kira mahaifiyarka, ta ce kwana biyu ba ta ji muryarka ba. Allah ya yi maka albarka.

Kawunka.