Tambaya da Amsa: Me ya haɗa su Sanford and Son, Good Times da The Jeffersons?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu da muka taso a Kaduna a shekarun 1980 muna kallon Sanford and Son da Good Times da The Jeffersons a NTA, kwanan nan na koma ina kallonsu a YouTube sai na ga kamar hannu ɗaya ne ya tsara su, uba mai taurin kai, falo ɗaya, ga dariyar 'yan kallo. Shin akwai alaƙa tsakaninsu ne ko dai kwaikwayon juna kawai suke yi? Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Idonka bai yaudare ka ba, dangi ne, kuma kusan dukkansu daga gida ɗaya suka fito, wato kamfanin Tandem na furodusa Norman Lear da abokin aikinsa Bud Yorkin.

Amma fa tushen ba a Amurka yake ba, a Ingila yake. A shekarun 1960 BBC tana da wani shiri mai suna Till Death Us Do Part, labarin wani dattijo Alf Garnett mai wariyar launin fata da baƙar magana wanda kullum cikin musu yake da surukinsa. Lear ya sayi haƙƙinsa ya mayar da shi unguwar Queens a New York, Alf ya zama Archie Bunker, aka sa wa shirin suna All in the Family, CBS ta fara nunawa a 1971. To daga nan ne abin ya zama kamar gidan gandu, duk wanda ya yi ƙarfi sai a ware masa nasa sashen. Maƙwabtan Archie baƙar fata, George da matarsa Louise, su ne aka ba su The Jeffersons a 1975, bayan sana'ar wanki da guga ta George ta bunƙasa suka tashi zuwa dogon bene a Manhattan, aka yi ta yi har 1985. 'Yar uwar matar Archie kuma aka ba ta nata shirin Maude a 1972, ita kuma mai aikin gidan Maude ɗin ita ce Florida Evans, wadda ka sani a Good Times da aka fara a 1974. Ka ga kenan Good Times jika ne a wajen All in the Family.

Sanford and Son shi ma aro ne. Asalinsa Steptoe and Son na BBC tun 1962, uba da ɗa 'yan gwangwan da keken doki a Landan, Amurkawa suka mayar da su unguwar Watts ta Los Angeles a 1972, Redd Foxx ya fito a uban, wato Fred Sanford. A nan ne ni nake ganin bambanci mai girma. Na Ingila akwai ɗaci sosai a cikinsa, ɗan yana so ya fita ya yi rayuwarsa amma tsohon ya ɗaure shi da tausayi da makirci, kana dariya ranka na sosuwa. Na Amurka ya fi sauƙi, Fred ya dafe ƙirji ya kira sunan marigayiya matarsa Elizabeth a yi dariya a wuce, amma in ka lura dabarar ɗaya ce, hana ɗansa Lamont barin gida ake yi.

Wannan shi ne kamannin da kake gani Alhaji. A kulle mutum biyu da ba za su iya rabuwa ba a cikin falo, ɗaya na tsohon zamani ɗaya na sabo, a bar su su yi ta fafatawa kan siyasa da talauci da launin fata a gaban 'yan kallo na gaske. Har ma'aikatan ma zagayawa suke yi. Mike Evans da ya fito a Lionel ɗan George yana cikin mutum biyun da suka ƙirƙiri Good Times, Ja'net DuBois wato Willona ta Good Times ita ce ta rera waƙar buɗe The Jeffersons, Janet Jackson kuma ta yi Penny a Good Times kafin ta koma Diff'rent Strokes wanda shi ma na Tandem ne.

TAMBAYA: Malam don Allah me ya sa aka kashe baban J.J. a Good Times? Har yau abin yana min ciwo. Daga wata mai karatu, Zariya.

AMSA: Hajiya ba ke kaɗai ba ce wallahi. John Amos da ya fito a James Evans, wato baban J.J. kuma mijin Florida, ya samu saɓani da marubutan shirin, shi yana ganin an bar labarin magidanci talaka mai fafutukar riƙe iyalinsa a Chicago an koma shirmen J.J. saboda shi ke kawo dariya, alhali ga ƙannensa, Michael mai son karatu da Thelma, ba a ba su fili yadda ya kamata. Rigimar ta yi tsanani aka sallame shi bayan zango na uku, a 1976 aka nuna ya mutu a hatsarin mota a Mississippi. Esther Rolle mai fitowa a Florida ita ma irin ƙorafinta kenan, ta bar shirin bayan zango na huɗu sai a na ƙarshe ta dawo, aka rufe a 1979. Shi kuwa Amos a 1977 ya fito a Kunta Kinte bayan ya girma a cikin Roots.

A ganina gaskiya tana wajensa, don samun cikakken gida na baƙar fata da uba da uwa a talabijin ɗin Amurka a wancan lokacin ba ƙaramin abu ba ne, kuma cire uban ya rage wa shirin nauyi ƙwarai. In za ki nuna wa yara, ki fara musu da zango ukun farko.