Tambaya da Amsa: Wai masu busa turombon suna da ƙungiya ta duniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan badujala ne a nan Kaduna, turombon nake busawa, wato ƙahon nan mai dogon bututu da ake ja ana turawa. Wani abokin aikina ya ce min wai akwai ƙungiya ta duniya ta masu busa shi kaɗai, shin gaskiya ne, kuma in akwai me take yi? Don mu dai a nan kowa ji yake masu ganga da turampet ne kawai suke aiki.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, abokinka bai yi maka ƙarya ba. Sunanta International Trombone Association, ana taƙaita shi ITA, an kafa ta a 1972 a Amurka kuma ba ta neman riba ba ce.

Asalinta wani taro ne da aka fara a 1971 a kwalejin Peabody da ke birnin Nashbil, wani malamin turombon Henry Romersa ya tara mabusa don su yi 'yan kwanaki tare suna busa suna koya wa juna, to da suka ga daɗin abin sai suka ce ai bai kamata a watse a jira baɗi ba, gara a yi ƙungiya tsayayya. Tom Everett, wanda ya daɗe yana jagorantar badujalar jami'ar Harvard, shi ne shugabanta na farko.

Kukan nan da ka yi kusan shi ne dalilin kafa ta. A babban rukunin makaɗa na Turawa mai turombon can layin baya yake zama, wani lokaci ya yi ta ƙirga bugu a zuci na tsawon mintoci kafin nasa wurin ya zo, kuma waƙoƙin da aka rubuta don shi kaɗai ba su kai na goge ko fiyano yawa ba ko kusa. Alhali abin ba wasa ba ne, kai ma ka sani. Mai turampet maɓalli yake dannawa, kai kuwa wurare 7 ne a kan bututun kuma babu alamar ko ɗaya, hannu da kunne ne kawai, ka zarce da ɗan yatsa ɗaya sauti ya karkace kowa ya juyo. Irin wannan ilimi ba ya yaɗuwa sai in masu shi sun zauna wuri guda, shi ya sa nake ganin sun yi dabara sosai.

Aikinta dai ɗaukaka darajar busan da koyar da shi da sa a rubuta masa sabbin waƙoƙi. Tana fitar da mujalla sau 4 a shekara, wancan taron na Nashbil kuma ya girma ya zama bikin shekara-shekara da ke yawo gari-gari, har ya tsallaka Turai, an yi shi a Faris a 2012 da Balensiya ta Sifen a 2015. Abin da ya fi burge ni shi ne gasarsu ta matasa, domin sunayen magabatansu suke sa mata. Akwai ta J.J. Johnson gwanin kiɗan jaz, akwai ta Emory Remington wanda ya yi kusan shekara 50 yana koyarwa a makarantar kiɗa ta Eastman, ita wannan ta rukunin masu turombon zalla ce, ba ganga ba komai, muryoyi ne daga siririya har mai kauri suna tafiya tare. A watan Afrilu kuma suna da makon turombon na duniya, kowa ya shirya wasa a garinsu.

Shiga kuwa ba sai kai farfesa ba, ɗalibi da soja da mai busa a coci duk suna iya yin rajista ta intanet, sai dai kuɗin da dala ne, ga yadda canji yake yanzu, tafiya bikin ma ga biza ga kuɗin jirgi. Shawarata kada ka fara da nan. Nemi bidiyon gasarsu a YouTube ka saurara da kyau, musamman yadda suke jan numfashi da yadda suke haɗa sauti ba tsalle. Sannan ka nemo mabusa uku ko huɗu a Kaduna, na barikin soja da na 'yan sanda da na Boys' Brigade, ku riƙa haɗuwa ko ranar Asabar ce, in Afrilu ta zo ku shirya naku wasan ku ɗauka a waya ku tura musu.