Katharine Hepburn: yadda jarumar da masu sinima suka guje wa ta dawo da ƙarfinta

Tambaya: Malam, na ji an ce babu ɗan fim da ya kai Katharine Hepburn yawan kyautar Oscar ta iya wasa, sai kuma na ji wai akwai lokacin da masu gidajen sinima a Amurka suka ce finafinanta asara ce. Yaya abu biyun nan suka haɗu a kan mutum ɗaya?

Amsa: Malama, duka biyun gaskiya ne, kuma abin da ya faru a tsakaninsu ya fi kyaututtukan kansu ban sha'awa.

An haife ta a garin Hartford na jihar Connecticut a 1907. Mahaifinta likita ne, mahaifiyarta kuwa tana cikin matan da suka yi fafutukar samo wa mata 'yancin jefa ƙuri'a, don haka ta tashi a gidan da ba a hana 'ya mace faɗin abin da ke ranta. A dandamalin wasan kwaikwayo ta fara, kamfanin fim na RKO ya ɗauke ta a 1932, fim ɗinta na uku, Morning Glory, ya kawo mata Oscar ta farko.

Daga nan ruwa ya fara ƙare wa ɗan kada. Finafinanta suka yi ta faɗuwa a kasuwa, 'yan jarida kuma ba sa ƙaunarta, don ba ta son hira da su, ga ta da sa wando a zamanin da ake ganin hakan rashin kunya ne ga mace. Jama'a suka ɗauke ta mai girman kai. A 1938 ƙungiyar masu gidajen sinima masu zaman kansu ta buga sunanta cikin jerin taurarin da ta kira guba ga kasuwar fim.

Dubi abin da ta yi. Ta biya RKO kuɗi daga aljihunta aka soke kwantiraginta, ta koma dandamali. Marubuci Philip Barry ya rubuta wasan The Philadelphia Story dominta, ta zuba kuɗinta a ciki, aka nuna shi a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta New York, a 1939, aka maimaita fiye da sau 400. Attajiri Howard Hughes ya saya mata haƙƙin mayar da labarin fim, saboda haka duk kamfanin da ke son labarin, dole ya zo wurinta. Ta sayar wa kamfanin fim na MGM bisa sharaɗin ita za ta ja fim ɗin, ita kuma ta zaɓi darakta George Cukor. Fim ɗin ya fito a 1940 ya yi kasuwa sosai.

A ganina hikimar ba a cinikin kaɗai take ba. Matar da ta fito a matsayinta 'yar masu kuɗi ce mai ɗagawa, wato daidai yadda mutane ke kallon Hepburn ɗin, kuma tun a farkon fim ɗin jarumi Cary Grant ya ture ta ta faɗi ƙasa. Ta bar masu kallo suka yi mata dariya, suka huce, sannan suka tausaya mata. Ba kowace tauraruwa ce za ta yarda a taɓa mata daraja haka ba.

Sauran Oscar uku sai da ta manyanta suka zo: biyu a jere kan finafinan 1967 da 1968, ta ƙarshe kan On Golden Pond na 1981. Na 1967 shi ne na tara kuma na ƙarshe da ta yi da jarumi Spencer Tracy, wanda ya rasu 'yan makonni bayan kammala aikin. Dandamalin ma ba ta sake shi ba, ta yi wasannin Shakespeare har a Ostareliya a 1955.

Ko sau ɗaya ba ta je ta karɓi kyautar da hannunta ba. A 1974 kaɗai ta halarci bikin, shi ma don ta miƙa wa furodusa Lawrence Weingarten lambar girmamawa. Ta rasu a Yunin 2003 tana da shekara 96.